Agogon Ƙirga Taku da Ciwon Ɓarin Kai

   

Yau kan agogo za mu yi magana, amma ba irin wanda muka taso muka gani a hannun iyayenmu ba. Wannan na zamani nake nufi, wanda ake haɗa shi da waya, yana ƙirga takun da kika yi a wuni, yana auna bugun zuciyarki, da safe kuma ya gaya miki awa nawa kika yi barci. Akwai masu tsada irin su Apple Watch da Fitbit da na Samsung, akwai kuma masu araha da ko sunan kamfani ba su da shi, ga su nan jibge a kasuwannin waya irin Farm Centre ta Kano. Tambayar da ake ta aiko mana ita ce: shin wannan agogo yana kawo ciwon kai? Wasu sun ce tun da suka fara ɗaurawa ciwon ɓarin kansu ya ƙaru. Wasu kuma an tsorata su ne, an ce sigina da ke fita daga cikinsa tana taɓa ƙwaƙwalwa.

To, bari in ba da amsa tun daga farko, kada wadda tukunyarta ke kan wuta ta tashi ba ta ji ba. Binciken da aka yi bai nuna siginar irin waɗannan na'urori tana kawo ciwon kai ba. Amma yadda mace take mu'amala da agogon, wannan kam yana iya tayar mata da ciwon, musamman idan dama tana da shi.

Shi ciwon ɓarin kai ba irin ciwon kan gajiya ba ne da ake shan ruwa a kwanta ya wuce. Yawanci gefe ɗaya yake kamawa, yana sara kamar ana daka a turmi, ga tashin zuciya, wani lokaci har da amai. Mai shi ba ta son haske, ba ta son ƙara, ko kukan yaro ji take kamar ana buga mata guduma. Yakan ɗauki daga awa 4 har zuwa kwana 3. Wasu kafin ya zo sukan ga walƙiya-walƙiya ko zane mai lanƙwasa a idonsu. Kusan mutum ɗaya cikin bakwai a duniya yana fama da shi, kuma mu mata mun ninka maza wajen sau uku. Babban dalili shi ne sinadarin istrojin na jikinmu, wanda yake sauka gab da zuwan al'ada. Shi ya sa mata da yawa, in suka lura, za su ga ciwon yana zuwa ne kwana biyu kafin jini ko a kwanakinsa na farko. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu batun sigina. Agogon yana magana da wayarki ne ta bulutut, irin dai wanda kike tura waƙa ko karatu da shi. Ƙarfinsa ɗan mitsitsi ne, bai kama ƙafar na wayar da kike karawa a kunne kina hira da yayarki rabin awa ba. Kuma shi a wuyan hannu yake, ita wayar a jikin kai.

Ba yau aka fara wannan zargi ba. A Turai an daɗe ana samun mutanen da suke cewa waya ko turken sabis na sa musu ciwon kai, sai masana suka gwada abin. A zaunar da mutum a ɗaki kusa da na'ura, wani lokaci a kunne take, wani lokaci a kashe, shi bai sani ba, mai gwajin da ke tare da shi ma bai sani ba. A shekarar 2010 wani masani mai suna James Rubin da abokan aikinsa a Landan suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje har 46, na mutum 1,175. Abin da ya fito shi ne mutanen ba sa iya bambance lokacin da na'urar ke kunne da lokacin da take kashe, kuma kan yakan yi ciwo ko da a kashe take, muddin sun ɗauka a kunne take. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2005 ta faɗi kusan haka: ciwon da mutanen ke ji gaskiya ne, amma ba a sami hujjar da ta ɗaura shi a kan siginar ba.

A nan ina roƙon maigidan da ke saurare tare da mu, kada ka ce to ashe raki ne. Ba raki ba ne. Fargaba ita kanta tana ɗaure jijiyoyin wuya, tana hana barci, ta kawo ciwon kai na haƙiƙa. Macen da aka turo wa saƙon murya aka ce agogonta zai soya mata ƙwaƙwalwa, ta kwana tana saƙa da warwara, ai ba mamaki ta tashi da kai kamar zai tsage.

Sai wannan koren haske da ke ƙyaftawa a bayan agogon, wanda wasu ke tsoro. Fitila ce kawai. Jini yana shanye koren haske, to da yawan hasken da ya dawo ne agogon ke gane bugun zuciya. Ba ya wuce fata da ɗan abin da ke ƙarƙashinta. Abin sha'awa ma, wani bincike da Rami Burstein na Jami'ar Harvard ya fitar a 2016 ya nuna cewa a cikin launukan haske, kore ne ya fi sauƙi ga masu ciwon ɓarin kai. Sai dai in madaurin ya yi sako-sako hasken yana leƙowa cikin duhu, ko fuskar agogon ta riƙa haskaka miki ido duk juyin da kika yi, wannan zai iya katse barci. Akwai wurin kashe shi da dare, ki sa yaran nan su nuna miki, su ne malamanmu a wannan fanni.

Inda na fi son mu tsaya shi ne maganar taku dubu goma. Agogon yakan zo da wannan adadi a shirye, in kin cika ya yi miki tafi, in ba ki cika ba ya yi ta zungurarki. 'Yar'uwa, kin san daga ina dubu goman nan ta fito? Ba daga asibiti ba. A 1965 wani kamfani a Japan mai suna Yamasa ya fitar da na'urar ƙirga taku, ya raɗa mata suna da ke nufin ma'aunin taku dubu goma. Sunan talla ne, ya bi duniya har ya zama kamar doka. A 2019 wata masaniya a Harvard, I-Min Lee, ta fitar da binciken da ta yi a kan tsofaffin mata sama da 16,000 a Amurka. Ta ga masu yin taku wajen 4,400 a rana sun fi masu 2,700 tsawon rai, amfanin yana ƙaruwa har wajen 7,500, daga nan ya daidaita. Tsofaffi ne kuma a wata ƙasa, amma dai kin ga dubu goma ba farilla ba ce.

To ki duba yadda abin ke faruwa a wurinmu. Mace tana son rage ƙiba, wataƙila biki ya matso, wataƙila an yi mata gori. Ta sayi agogo, ta daina karin kumallo, ta rage tuwon dare, ta koma shan shayin rage tumbi. Ga watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Da la'asar ta duba ta ga taku dubu huɗu kawai, sai ta shiga zagaye tsakar gida ko ta fita bakin titi da sassarfa, babu ruwa a hannu. Yunwa da ƙishirwa da zafin rana da motsa jiki mai tsanani ba tare da sabo ba, kowanne a cikinsu sananne ne wajen tayar da ciwon ɓarin kai, ita kuwa ta haɗa su duka a wuni ɗaya. Da dare kai ya ɗauka, sai a ce agogo ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba cewa nake a daina tafiya ba. Tafiya a kai a kai, daidai ƙarfi, tana ma rage yawan zuwan ciwon ga mata da yawa. A fara da kaɗan, a yi da sanyin safiya ko bayan rana ta yi sanyi, a ci wani abu, a sha ruwa. In azumi ake, ki rage adadin da kika sa wa agogon, ki bar tafiyar sai bayan buɗa baki. Kuma ki sani wanki da shara da daka duk aiki ne, ko agogo ya ƙirga ko bai ƙirga ba. Wani lokaci ma kina zaune kina tankaɗe zai rubuta miki taku, don motsin hannu yake ji.

Barci ma haka. Mai ciwon ɓarin kai ba abin da kanta ke so irin tsari: lokacin kwanciya ɗaya, lokacin tashi ɗaya. Agogon da ke girgiza a hannu duk lokacin da saƙo ya shigo zauren WhatsApp na 'yan biki ƙarfe ɗayan dare, ai ya zama ɗan raino. Akwai kuma waɗanda da sun buɗe ido sai su duba makin da agogo ya ba barcinsu, in ya ce bai yi kyau ba, shi ke nan ranar ta ɓaci. Likitocin barci a Amurka sun rubuta a kan wannan a 2017, mutanen da neman cikakken maki ya hana su barcin kansa. Alhali agogon kintace yake yi daga motsinki da bugun zuciya, ba ya ganin abin da ke cikin kai. Mai shayarwa da ke tashi sau uku, ga tashin asuba, ba ta buƙatar na'ura ta gaya mata ba ta ƙoshi da barci ba.

Illar da aka tabbatar agogon kan yi da kansa a fata take. A 2014 kamfanin Fitbit ya janye samfurinsa mai suna Force saboda ƙuraje da ƙaiƙayi da ya sa wa wasu, a 2022 kuma ya janye Ionic saboda batirinsa na zafi har ya ƙona hannu. In kin ga ja ko ƙaiƙayi, ki cire, ki wanke madaurin, kada ki matse shi kamar awarwaro.

Wadda har yanzu zuciyarta ba ta kwanta ba, ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Ki samu ɗan littafin makaranta. Kullum ki rubuta ko kai ya yi ciwo, ƙarfe nawa kika kwanta, me kika ci, kin sha shayi ko kofi ko ba ki sha ba, da ranar da al'ada ta zo. Ki yi wata guda da agogo, ki yi wata guda babu shi. Na ce wata guda, ba kwana uku ba, saboda maganar al'adar nan da na ce ki riƙe. In kika cire agogo ranar da jini ya ɗauke, kai ya lafa, za ki rantse agogon ne, alhali lokacin lafawarsa ne ya yi. In bayan wata biyu kin ga lallai kin fi jin daɗi babu shi, ki ajiye abinki, ba wanda ya wajabta miki. Littafin kuma ki tafi da shi wurin likita, zai fi masa amfani da dogon bayani.

Ki rubuta har da maganin da kike sha. Wadda ke shan farasitamol ko makamancinsa kwana 15 ko fiye a wata, ko kuma irin masu haɗi da kafin kwana 10 ko fiye, wata da watanni, maganin da kansa yakan koma yana kawo ciwon kai. Wannan ya fi agogo yawa a gidajenmu nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne macen da za ta dogara da agogo a inda ba hurumin sa ba. Masu arahar nan da yawa suna nuna wai awon hawan jini, har da na suga. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su yarda da duk agogo ko zoben da ya ce yana auna suga ba tare da huda fata ba. Hawan jini kuwa, awon da ake dogara da shi shi ne na abin da ake naɗawa a damtse ya matse. Mai ciki da ta wuce mako 20, ta ji ciwon kai mai tsanani, ido na dishi-dishi, fuska da hannu sun kumbura, kada ta duba agogo ya ce mata lafiya lau ta koma ta kwanta. Kada kuma ta ce bari in cire agogon in gani. Wannan alamar hawan jinin masu ciki ce da ke kai wa ga jijjiga, asibiti za a nufa a ranar, ko da dare ne.

Haka ciwon kan da ya zo farat ɗaya da tsananin da ba ki taɓa ji ba, ko wanda ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, musamman lokacin zafi da sanƙarau ke yawo, ko wanda ya zo da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa. Duk waɗannan ba a jira da su. Ke kuma da kike ganin walƙiya kafin ciwon ya zo, in za ki karɓi ƙwayar tazarar haihuwa ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya, domin mai ɗauke da istrojin ba ta dace da ke ba, tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Akwai wasu hanyoyin da za a ba ki.

Lokaci ya cimma mana. A ci gaba da aiko da tambayoyi, wadda ta gwada littafin nan ta rubuto mana abin da ta gani. Masu fama da ciwon, Allah ya ba ku lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a gaida yara, wassalamu alaikum.