Kada mu yar da jarka don ta tsage

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Olelewa



Ƴan'uwa maza da mata, kowa ya san wahalar ruwa a Damargu. Rijiya da zurfi, hanya da nisa. Yaro ya ɗauro jarka ga jaki, kafin ya iso gida rabin ruwan ya zube. Dalili? Ƴar tsaga. Sabuwa kuwa sai an je kasuwar Bakin Birji ko Tanut an fid da kuɗi. To, yau za mu koyi gyara.

Abu na farko, roba ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai laushi, kamar ta jarka. Akwai mai tauri, kamar ta jikin rediyo. Kowace da maganinta.

Robar jarka ba ta kama gam. Wuta take so. Ku juya gindin jarka ku duba. Sau da yawa za ku ga lamba 2 cikin wani zane mai kusurwa uku. Ga amfanin karatu! Ku nemi matacciyar jarka mai lamba ɗaya da taku, ku yanko siririn ƙyalle. In roba ba iri ɗaya ba ce, liƙin ba ya daɗewa.

Ga yadda ake yi:

1. A wanke wurin da sabulu, a bar shi ya bushe sarai.
2. A zafafa allura a huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar. Ramin nan ne ke hana ta ci gaba.
3. A sa tsohuwar wuƙa cikin garwashi. In ta yi zafi, a narkar da ƙyallen bisa tsagar sannu sannu, har ya rufe ramukan.
4. A bari ya huce. A zuba ruwa a gwada.

Jikin rediyo kuwa ba ya son wuta, lanƙwashewa yake yi. Shi gam yake so. A cire batir, a buɗe, a shafa gam ta ciki, a ɗora guntun ƙyalle na tufa a kai. A ɗaure da zare ya kwana.

Amma ku yi hattara. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, kada wuta ta kusance ta, ko da babu komai ciki. Tana iya fashewa. Wadda aka zuba wa maganin ƙwari, kada a sha ruwanta, ko an wanke ta. Hayaƙin roba yana cutar da ƙirji. A yi aikin a fili, yara su ja baya.

Kuma rana ce ke cinye roba. A riƙa ajiye jarka a inuwa. Da kun ga tsaga, ku gyara tun tana ƙarama.

Wanda ya koya, ya koya wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.