Tsofaffin Fitilu Sun Dawo Ɗaki a Maraɗi

Da Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a watan Agustan 2023, gidaje da dama a Maraɗi sun lalubo fitilun da suka daɗe a ƙarƙashin gado. Wutar ta dawo a 2024, amma wasu fitilun ba su koma maɓoyarsu ba.

Mai neman sayen tsohuwar fitilar ƙwai ya fara duba gindinta. Ya zuba kananzir kaɗan, ya aza ta a kan takarda. In takarda ta jiƙe, tankin ya yi tsatsa, ciniki ya mutu. Sai ya murza makullin lagwani, ya ga ko yana hawa da sauka ba gardama. Fasasshen ƙwai ba abin damuwa ba ne, ana samun wani a kasuwa. Masu ido suna neman tambarin Feuerhand, ƙirar Jamus, saboda ƙarfenta ya fi na kwaikwayon Sin kauri.

Fitilar Petromax, mai famfo, irin wadda ke haska teburin mai shayi da tukubar mai tsire, ta fi fitilar ƙwai haske nesa ba kusa ba. Sai dai rigarta da ke ci ba ta jure girgiza, kuma zafinta bai dace da ɗakin barci ba.

A Tibiri da Jiratawa, kusa da Maraɗi, tsofaffi ba su manta aci-bal-bal da fitilar kasko mai man gyaɗa da lagwanin auduga ba. Waɗannan sun fi kyau a matsayin ado, domin hayaƙinsu na baƙanta rufi. Wadda za a kunna kuwa, a bar taga a buɗe, a nisanta ta da gidan sauro.