Likitan Norwood Da Aljanun Takarda

A unguwar South Norwood, wadda yau take cikin gundumar Croydon a kudancin Landan, akwai wani gida mai lamba 12 a titin Tennison. Nan ne Arthur Conan Doyle ya zauna daga 1891 zuwa 1894, bayan ya ajiye aikin likita ya rungumi alƙalami. A wannan gida ya rubuta da yawa daga cikin labaran Sherlock Holmes, mai binciken laifi wanda ba ya yarda da kome sai abin da ido ya gani, hankali ya auna. Amma a 1893, yana zaune a gidan nan, Doyle ya shiga wata ƙungiya ta masu binciken al'amuran fatalwa da ruhohin matattu.

Cikin littafinsa The Hound of the Baskervilles, na 1902, mutanen karkara sun firgita da wani kare da suka ɗauka na aljanu ne. Holmes ya bi sawu, ya tarar kare ne na gida, wani mai kwaɗayin gado ya shafa masa sinadari mai ƙyalli cikin duhu. Mai karatu ya sha tsoro, daga baya ya yi wa kansa dariya.

To, ashe mai dokar barci shi ma yakan ɓuge da gyangyaɗi. A 1917 waɗansu 'yan mata biyu na ƙauyen Cottingley suka ɗauki hotuna tare da ƙananan aljanu masu fukafukai. Doyle ya gaskata, ya buga hotunan a mujallar Strand a 1920, har ya rubuta littafi a kansu a 1922. Ya rasu a 1930 bai janye ba. Sai a 1983 matan, sun riga sun tsufa, suka amsa cewa takarda suka zana suka yanke, suka kafe da allurar hula.

Masu sauraro da suka karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam sun san irin wannan wasa: ana yi wa malaman tsibbu ba'a, amma kuma jarumin ya isa ƙasar aljanu. Imam ya san inda tatsuniya ta tsaya. Doyle kuwa ya koya wa duniya tuhumar kowace shaida, sa'an nan da aka kawo masa wadda zuciyarsa take so, bai tambaya ba.