"Muna Nan Tsaye": Wace Irin Tsayuwa?

 

Duk shekara idan sakatare ya karanta rahoto, yakan rufe da cewa ƙungiya tana nan tsaye, mu kuma mu yi tafi. A kan wannan kalma ta "tsaya" nake roƙon a ba ni aron kunne, domin kuwa tana da fuska fiye da ɗaya, kuma ba kowace fuskarta ce ta cancanci tafi ba.

Asalinta miƙewa ne a kan ƙafafu, amma Bahaushe bai bar ta a nan ba. Idan aka ce wata ya tsaya, sabon wata ne ya kama, sai azumi ko salla. Musulmi yakan tsayar da salla, alhaji ya yi tsayuwar Arfa. Dangi sukan tsayar da magana a kan aure, ɗan siyasa ya tsaya takara, mai neman bashi ya nemo wanda zai tsaya masa. Wanda ba ya saɓa alkawari shi ake kira tsayayye. Wadda ta fi burge ni ita ce tsayin daka. Duk wanda ya ga mace a bakin turmi ya san ƙafafunta a kafe suke, amma taɓarya ba ta hutawa har sai gari ya yi laushi.

To amma da wannan kalma ɗin dai muke cewa agogo ya tsaya, aiki ya tsaya, numfashi ya tsaya. Magabata ma sun gargaɗi mai tsayawa kallon ruwa, kada kwaɗo ya yi masa ƙafa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Sabon Gari tsayawar jirgi ce ta haife shi. Layin dogo ya iso Zariya a 1911, aka kafa tasha a wajen ganuwa, sai leburori da akawuna da 'yan kasuwa, Yarbawa da Ibo da Nufawa da Hausawa, suka yi ta sauka a gefenta. Zuwa 1929 wani reshen ya miƙa daga nan har Ƙaura Namoda, auduga da gyaɗa suna bi ta tasharmu. A wancan zamani, idan aka ce jirgi ya tsaya, ai kasuwa ce ta buɗe: mai ɗaukar kaya ya samu, mai tuwo ta samu. Daga baya harkar jirgin ta yi sanyi, har ciyawa ta rufe dogo a wurare da dama. Nan ma cewa aka yi jirgi ya tsaya. Lafazin bai sāke ba ko da wasali ɗaya, amma dattawan da ke zaune a nan sun san bambancin a cikin tukwanensu.

Samaru kuwa, tun 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a cikinta, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello bayan buɗe jami'ar a 1962. Ta haura shekara ɗari tana nan, kuma dalilin ɗorewarta shi ne ba ta daina fitar da sabon iri ba. Manomin da ya shuka SAMMAZ ko SAMNUT ko SAMPEA, sunan Samaru ya binne a gonarsa, ko ya sani ko bai sani ba. A 2019 ma ta fitar da waken da ke jure tsutsar da ke huda kwanso. Wannan ita ce tsayuwar mai daka. Ɗaya fuskar ma Samaru ta ɗanɗana: a 2022 yajin aikin malaman jami'o'i ya tsayar da karatu wata takwas, masu ɗakunan haya da masu abinci da 'yan acaɓa duk suka ji a jikinsu. Garin da ya jingina da bango ɗaya, ranar da bangon ya girgiza sai ya rasa madafa.

Yanzu sai mu juyo kanmu, kuma da ni kaina nake farawa, don na fi shekara ban biya kuɗin wata ba. Azuzuwan da muka aza harsashinsu sun kai linta, suka tsaya. Tallafin karatun marayu, sunansa yana nan a takarda. Mukan zo gida da salla, mu tsaya da mota a ƙofar gida, mu gaisa, mu wuce. Idan sakatare yana nufin ƙungiya ba ta mutu ba, ya yi gaskiya, kuma ya cancanci godiya, domin riƙe jama'a warwatse ba ƙaramin aiki ba ne. Amma ban ga dalilin da za a kira mu tsayayyu ba alhali rufin aji ya gagare mu.

Shawarata ga shugaban taro ita ce, kafin mu watse yau a tsayar da ranar ɗora rufin nan, a kuma rubuta sunan wanda zai tsaya a kan aikin daga kowane reshe. Nawa bashin yana hannun ma'aji tun da safe.