SHEKARAR FARKO A MAKARANTAR JINYA: AMANA CE KAFIN TA ZAMA SANA'A

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa, ɗalibin koyon aikin jinya, ya gabatar a wajen ta'alimin matasa.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah (S) da iyalan gidansa da sahabbansa managarta.

An nemi in ɗan faɗi wani abu a kan shekarata ta farko a makarantar jinya, saboda 'yan'uwan da ke da niyyar shiga. To ni ba malami ba ne, abin da na gani kawai zan faɗa.

Jarrabawar farko tun daga gida take farawa. Za a ce maka, "Kai namiji guda, ka rasa abin yi sai aikin mata, sai kwasar fo?" Ni kaina maganar ta dame ni, har ranar da na ga wani dattijo sa'an mahaifina ya kwana cikin fitsari don yana jin nauyin mace ta gyara shi. Ran nan na gane cewa wannan aiki farilla ce ta kifaya. In mu mun ƙi, wa muka bar wa iyayenmu?

Kuma aikin nan yana da asali a wurinmu. A aji an koya mana Florence Nightingale, wadda ta yi jinyar sojojin Ingila a yaƙin Kirimiya daga 1854. Amma tun shekara ta 5 bayan Hijira, da aka harbi Sa'adu bin Mu'azu a yaƙin Khandaƙ, a hemar Rufaida al-Aslamiyya da ke masallaci Manzo (S) ya sa aka kwantar da shi.

Sai karatun kansa. Wata shida na farko, da muke kira PTS, siraɗi ne. Za ka haddace ƙasusuwan jikin baligi guda 206, ka koyi gyaran gado da awon jini. Wanda ya faɗi jarrabawa, sai gida. Akwai waɗanda muka fara tare, yanzu ba sa cikinmu. Wasu darussan kuma suna cin lokacin salla, sai ka dage.

Amma abin da ya fi girgiza ni, laifina ne. Wani dare a ɗakin maza, an sa ni awon bugun jinin majinyata. Na gaji, barci ya cika mini ido. Da na zo kan wani bawan Allah da aka yi wa tiyata, sai kawai na kwafi 80 da aka rubuta a baya. Sista ta zo ta kama hannunsa, ta ƙirga, ta sami 124, alhali na baligi tsakanin 60 ne zuwa 100. Ashe jini ke zuba a cikinsa. Aka kira likita, aka koma da shi tiyata, Allah Ya yi da sauran kwanansa.

Da gari ya waye sista ta ce mini, "Ustaz, kai ne kake jan salla a masallacin makaranta, ko?" Ba ta ƙara komai ba. Wallahi da mari ta yi mini, da ya fi mini sauƙi.

'Yan'uwa, muna ta maganar zalunci da cin amanar al'umma. To ga amana a hannuna, ta minti ɗaya tak, na kasa riƙewa! Majinyaci bai san abin da ka rubuta ba, amma Allah Ya sani. Juya wanda ba ya iya motsi duk bayan awa 2 don kada ya yi gyambon kwanciya, rufe masa al'aura, laƙƙana wa mai barin duniya kalmar shahada, duk ibada ce in an gyara niyya.

Saboda haka mai son shiga ya shiga, muna da bukatarsa. Amma ya sani ba farin kaya zai je sawa ba, rayukan mutane za a damƙa masa. Abin da bai auna ba, kada ya rubuta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu ikon riƙe amana.