Uwargida, Ki San Kankaren Da Ake Zuba Miki

 

Yau maganar gini za mu yi. Na san wata za ta ce, to ina ruwan mace da siminti? Ai kuwa da ruwanki. Sau da yawa kuɗin adashinki ne ake sayen simintin, maigida ya tafi gona ko kasuwa, ke ce a gida lokacin da ake kwaɓi. A 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta jihar Legas, sama da mutum 40 suka rasu. Mu ba bene muke ginawa ba, amma murfin masai da bakin rijiya su ma kankare ne, kuma 'ya'yanmu ne ke taka su kullum.

Abu huɗu ake haɗawa a yi kankare: siminti, yashi, tsakuwa da ruwa. Awon da aka saba da shi shi ne siminti kashi 1, yashi kashi 2, tsakuwa kashi 4. Buhun siminti kilo 50 ne, wajen kwanon sarki biyu ke nan. To buhu guda zai ci kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. In kika ga ana ta labta yashi don buhu ya yi auki, ki yi magana. Araha ba ta ado.

Ki duba yashin. Ki damƙa shi a hannu, in ya bar miki laka a tafi, akwai ƙasa a ciki, siminti ba zai kama shi sosai ba. Simintin da ya sha sanyi ya yi gudaji masu tauri, ƙarfinsa ya riga ya ragu.

Sai ruwa, nan ne aka fi yin ɓarna. Buhu guda bai buƙatar fiye da jarka mai lita 25, in yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage. Kwaɓi mai ruwa-ruwa kamar koko yana da sauƙin zubawa, amma in ya bushe sai ya bar ƙananan ramuka a ciki, ya yi rauni.

In an ɗauko hayar injin kwaɓi, wanda magina ke kira miksa, a bar shi ya juya kamar minti biyu bayan an zuba komai. In da shebur ne, a cakuɗa a bushe tukuna har launin ya zama ɗaya, sannan a sa ruwa. A zuba kwaɓin kafin awa guda. Murfin masai kuwa dole a sa masa rodi. Yara su yi nisa, don ɗanyen siminti yana cin fata.

Na ƙarshe shi ne ban ruwa, kuma wannan a hannunki yake. Kankare da danshi yake yin ƙarfi, ba da rana ba. Daga washegari a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, musamman lokacin hunturu da bazara. Sai ya kwana 28 ake lissafin ƙarfinsa ya cika, saboda haka kada a yi gaggawar ɗora masa nauyi.

Ki faɗa wa magini da lafazi mai daɗi, ko ki sa maigida ya faɗa. Allah ya tsare mu da zuriyarmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.