Jawabi ga Dattawan Ikkilisiyoyinmu na New York a Kan Mallakar Gida



Da wuya a sami ikkilisiya a cikinmu da ba ta rasa wani iyali ba saboda kuɗin haya. Mutum ya yi shekara ashirin yana tuƙa tasi ko yana jinyar tsofaffi, bai taɓa fashin biya ba, rana ɗaya a ƙara masa kuɗi, sai mu ji ya kwashe yara ya koma wata jiha. Mu yi masa addu'ar sallama, shi ke nan. Mun yi irin wannan addu'a har ta ishe mu.

Matsalar ta girme mu a ƙasar nan. Tun wajen 1935 wata hukumar gwamnatin Amurka ta zana taswirar birane, ta shafa jan launi a unguwannin baƙar fata da na baƙi, wai haɗari ne a ba da bashin gida a can. Aka hana nuna bambanci a harkar gidaje a 1968, mako guda bayan kisan Martin Luther King. A 1975 aka tilasta wa bankuna su bayyana inda suke ba da bashi, a 1977 kuma aka ce bankin da ke karɓar ajiyar unguwa dole ya kula da bukatar bashinta. Dokoki masu kyau ne, amma ba su ɗora wa kowa bulo ko ɗaya ba.

Ku dubi abin da 'yan'uwanmu suka yi a gabashin Brooklyn. Unguwar Brownsville ta zama kufai, gidaje sun ƙone, masu su sun gudu. Ikkilisiyoyin wurin, Katolika da Baptis da Lutheran da sauransu, suka haɗa kai, suka tara miliyoyin dala a asusun gini wanda ba a ɗora masa ruwa. Suka sa wa aikin sunan Nehemiya, aka fara gini a 1982. Amma mu lura da kyau, kuɗin ikkilisiya kaɗai bai gina gidajen ba. Sai da suka matsa wa Magajin Gari Ed Koch, birni ya ba da fili kyauta, ya kuma sa dala 10,000 a kan kowane gida, wadda ba a biya sai ranar da aka sayar da gidan. Hukumar bashin gidaje ta jiha, SONYMA, ta ba masu saye bashi a kan ruwa mai sauƙi. Da haka ma'aikatan asibiti da direbobin bas suka shiga gidajen kansu, dubbai daga cikinsu, kuma ƙalilan ne ƙwarai suka kāsa biya.

Mun san akwai dattawa a nan da za su ce wannan siyasa ce, ba aikin ikkilisiya ba. Muna roƙonsu su sāke karanta Nehemiya sura ta 5. Mutane sun jinginar da gonaki da gidaje don su sayi hatsi, Nehemiya kuwa ya tara manyan gari ya tsawata musu a gaban jama'a a kan ruwan da suke karɓa.

Akwai kuma bashin da gara a hana mutum shi. Kafin rikicin 2008 dillalai sun bi unguwanninmu gida gida, wasu har bakin majami'a, da bashin da ruwansa ke tashi bayan shekara biyu. A 2011 aka amince a biya dala miliyan 335 a kan zargin cewa kamfanin Countrywide ya ɗora wa baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka kuɗi fiye da na sauran mutane. Mu fastoci ma da laifinmu, domin mun yi bikin keɓe waɗansu gidajen nan, ba mu tambayi abin da ke cikin takarda ba.

Abin da muke nema a wurin jiha shi ne ta ƙara kuɗin taimakon kafin alƙalami, domin a nan ne yawancin mutanenmu ke tsayawa: suna iya biyan wata wata, dunƙulen farko ne ya gagare su. Ta kuma sa kuɗi a gina ƙananan gidaje na sayarwa, ba na haya kaɗai ba. A 2021 jiha ta sa kamfanonin bashin gida waɗanda ba bankuna ba a ƙarƙashin dokar kula da unguwanni, muna so mu ga ana binciken su da gaske.

Shekarar kuɗi ta jiha tana farawa ran 1 ga Afrilu, saboda haka tun watan Janairu ya kamata 'yan majalisarmu su ga fuskokinmu. Kowace ikkilisiya ta ba da dattawa biyu, ta kuma ƙirga iyalai nawa ke haya, shekara nawa suka yi, su wa banki ya hana bashi. Wanda yake da takardar bashi a hannu bai sa hannu ba tukuna, ya dakata, ya kawo ta bayan sujada a nema masa mai ba da shawara kan gidaje wanda gwamnati ta amince da shi.